Me ke riƙe hular haƙori, gam ko sassaƙa?

Wata Hajiya daga Argungu, sa'ar mahaifiyata, ta shigo ɗakin duba haƙori a Birnin Kebbi da safiyar wata Talata. Bayan mun gaisa ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wani ɗan abu fari kamar ƙwayar masara, ta ajiye a tafin hannuna. Hular haƙori ce ta tangaran, wadda aka sa mata a turmin ƙasa na dama wata bakwai da suka wuce, a wani gari. Ta ce tana cikin cin tuwon shinkafa ta ji abu mai tauri a baki, ta zaci tsakuwa ce, Allah ya sa ba ta haɗiye ba. Sai ta ce, "Ɗana, wanga gam da sunka sa min bai da kyau. Haurena na Makka ya shekara goma sha biyar, ko motsi bai yi ba. Ka samo min mai ƙarfi, ko nawa ne in biya."

Kusan duk wanda hula ta faɗo masa haka yake faɗa, kuma ban ga laifinsa ba, don abin da ido ke gani ke nan: an manna abu, abin ya ɓalle, to mannin ne bai yi ba. Amma a yawancin hulunan da suka dawo hannuna a ƙulle cikin leda ko bakin zane, an bar jaki ne ana dukan taiki. Gam yana da nasa rabo, kuma rabon ba ƙarami ba ne, sai dai shi ne na ƙarshe a cikin abubuwan da ke riƙe hula, kuma ƙarfinsa ya danganta da abin da aka yi kafin a kwaɓa shi.

A fara da girman abin da ake magana a kai. Idan haƙori ya karye, ko ya yi rami babba, ko an cire masa jijiya ya zama mai saurin fashewa, likita yana fere shi ta kowane gefe ya rage masa tsawo, ya ɗauki awo, a ƙera masa hula daidai da shi, sannan a zaunar da ita da abin da mu muke kira siminti, jama'a ke kira gam. Ƙa'idar da aka gindaya wa irin wannan siminti na gargajiya ita ce ya iya shimfiɗuwa har kaurinsa ya dawo maikiron 25 ko ƙasa, wato bai kai rabin kaurin silin gashi ɗaya ba. Wannan ɗan siririn shafi ake so ya zauna shekaru cikin miyau, cikin zafin shayi da sanyin ƙanƙara, alhali turamen baligi na iya matsa abu da nauyin da ya kai kilo 50 zuwa 70. Wanda ya yi tunanin wannan zai gane cewa gam shi kaɗai ba zai iya ba.

Abin da ke ɗaukar mafi yawan nauyin shi ne sifar haƙorin da aka fere. Dubi wuƙa a cikin kube. Babu gam a tsakaninsu, amma ka kifa kuben wuƙar ba ta faɗuwa, saboda bangon kuben ya rungume ta a tsawonta duka. Yanzu ka kifa mazurari a kan ɗan tsibin ƙasa: taɓawa ɗaya ya gangaro. Haka hula take. In bangon haƙorin ya miƙe kusan sak, kuma yana da tsawo, hanya ɗaya ce tak hular za ta bi ta fita, wato sama, kuma tauna ba ta jan abu sama sai jefi-jefi. In kuwa an fere shi ya yi tsini kamar tulluwa, kowace cizawa tana karkata hular, simintin yana ta shan murɗa har ya gaji. Tun 1955 wani mai bincike a Danmak, Jørgensen, ya nuna cewa riƙon hula yana faɗuwa da sauri da zarar karkatar bangon ta ƙaru. Littattafan koyarwa sun daɗe suna cewa karkatar ta tsaya a digiri 6, amma hannun ɗan Adam a cikin bakin mai rai ba kasafai yake kai wa nan ba, shi ya sa daga baya masana suka yarda da digiri 10 zuwa 20. Tsawo kuma, a bar aƙalla milimita 3 a haƙoran gaba, milimita 4 a turame.

Da na auna na Hajiya, abin da ya rage a saman dasashi bai wuce milimita 2 ba, kuma an zagaye shi ya yi sulɓi. Haƙorin Makkan da take kafa hujja da shi kuwa yana gaba, dogo ne, da ƙyar aka taɓa shi da injin, an lulluɓe shi da ƙarfe siriri mai kama jiki, kuma ba da shi take tauna ba. Ba gam ɗin Makka ne ya fi ba, kube ne mai kyau. Nan ma ina da abin faɗa ga iyayenmu mata: yawancin irin waɗannan huluna bakinsu bai zauna daidai da dasashi ba, abinci na maƙalewa, dasashi ya riƙa jini. Ya kamata a riƙa kai su a duba, ko da ba sa motsi.

Shi simintin kansa gida biyu ne. Akwai mai cike giɓi, wanda ko ya kama haƙori kamun ba mai ƙarfi ba ne, akwai mai kama jiki da gaske. Dattijon cikinsu shi ne zink fosfet, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1870. Ba ya manne wa haƙori, ba ya manne wa hula. Yana shiga ƙananan kaushin da ke jikin kowanne ne ya daskare, kamar yadda laka ke cike tsakanin tubali da tubali. Duk da haka ya riƙe hulunan zinare da na ƙarfe shekaru aru-aru, kuma wannan kaɗai hujja ce cewa sassaƙa ce uwar riƙo. A 1968 Dennis Smith a Ingila ya fito da polikaboksilet, na farko da ke kama sinadarin kalsiyam na haƙori. Sai gilas ayonoma, wanda Alan Wilson da Brian Kent suka bayyana a 1972 a Landan. Shi ma yana kama haƙori, yana kuma sakin fulorayid, sinadarin da ke taimakawa wajen kare haƙori daga ruɓa, a hankali, ba shi da tsada, ba shi da wuyar aiki. Rauninsa shi ne in miyau ya taɓa shi a mintocin farko kafin ya ƙanƙare, sai ya yi laushi a bakin hula. Daga baya aka cakuɗa shi da rezin don ya ƙara juriya.

Ɗaya gidan shi ne na rezin, wato dangin roba mai daskarewa. Tushensa ya koma 1955, lokacin da Michael Buonocore a Amurka ya gano cewa in aka shafa asid ɗin fosforik a ɓawon haƙori, ɓawon yana yin kaushin da ido ba ya gani, roba ta shiga ta kama gam-gam. Rezin ya fi sauran ƙarfi, kuma kusan ba ya narkewa a miyau. Amma mai sharuɗɗa ne. Yana son wuri busasshe, yana son a bi matakansa ɗaya bayan ɗaya, da daƙiƙoƙin da aka ƙayyade, kuma ba ya yafe kuskure. A 2002 aka fito da RelyX Unicem, wanda ya buɗe ƙofar wani sabon rukuni mai kama haƙori da kansa ba tare da an shafa asid daban ba. Ya rage wahala ƙwarai, ko da yake kamun da yake yi wa ɓawon haƙori bai kai na mai matakai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar tangaran. Mai jinya yana ganin farar hula ya ce duk ɗaya ne, alhali a wajen gam bambancinsu ya kai na fata da ƙarfe a wajen mai ɗinki. Akwai tangaran mai gilashi a jikinsa. A cikinsa akwai tsohon nau'i irin na faranti, mai kyawun gani amma mai rauni, wanda ƙarfinsa bai cika wuce megafaskal 100 ba (megafaskal ma'aunin ƙarfin abu ne), da kuma litiyam daisiliket, wanda aka fi sani da IPS e.max na kamfanin Ivoclar Vivadent, da ya shigo kasuwa a 2005, mai ƙarfin megafaskal 360 zuwa 400. Sannan akwai zikoniya, wadda babu gilashi a cikinta ko kaɗan, ƙarfinta kuma yana kai 900 zuwa 1200, ko da yake sababbin nau'o'inta masu shigar haske ba su kai haka ba.

Mai gilashi yana da wata baiwa: asid ɗin haidurofulorik yana cin gilashi. Idan aka shafa shi a cikin hular e.max, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, na daƙiƙa 20, cikin hular yana komawa kamar saƙar zuma a idon madubin ƙara girma. A wanke, a busar, a shafa wani ruwa mai suna silen, wanda hannunsa ɗaya ke kama gilashi, ɗayan ke kama rezin. Daga nan hula da siminti da haƙori sun zama kamar jiki guda. Amfanin wannan ya wuce riƙo. Tangaran mai gilashi daga ciki yake fara tsagewa, daga ƙananan tsagogin da ido ba ya gani, kuma rezin yana cike su ya tallafe hular daga ƙasa. Shi ya sa siririyar hular gilashi da aka zaunar da siminti mai cike giɓi kawai take iya fashewa ko da ba ta faɗo ba. Wannan asid ɗin kuma mugun abu ne, yana ratsa fata ya kai ƙashi, a hula kawai ake shafa shi a wajen baki, da safar hannu.

Zikoniya ba ta san wannan asid ba. Ka shafa mata na daƙiƙa 20 ko na minti 2, tana nan sumul yadda take, silen ma ba shi da abin kamawa. Na sha ganin inda aka yi wa zikoniya hidimar gilashi, aka ɓata magani mai tsada, aka zaci an manna, bayan watanni hula ta fito. Hanyarta daban ce. Ana fesa wa cikinta garin alumina, wani gari mai tauri kamar yashi, mai girman maikiron 50 da iska mara ƙarfi sosai, don ta yi kaushi ba tare da an raunata ta ba, sannan a sa siminti ko ruwan share fage mai ɗauke da sinadarin MDP. Kamfanin Kuraray na Japan ne ya ƙirƙiro shi a 1981, ya sa shi a simintin Panavia a 1983. Wannan sinadari yana da kan fosfet da ke kama zikoniya kai tsaye.

A nan akwai wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. Kafin a manna hula dole a gwada ta a baki, a ga zamanta da cizonta. Miyau kuwa yana ɗauke da fosfet, kuma zikoniya na son fosfet. Da zarar miyau ya taɓa cikin hular, ya riga ya zauna a kujerun da MDP zai zauna. Kurkurewa da ruwa ba ta fitar da shi duka. In likita ya ce bari ya goge da asid ɗin fosforik, kamar yadda ake iya yi wa mai gilashi, ya ƙara cike kujerun ne da kansa. Abin yi shi ne a sake fesa garin alumina bayan gwaji, ko a yi amfani da ruwan wanki da aka yi musamman don haka, irin su Ivoclean. Aikin minti ɗaya ne, amma sau da yawa shi ke raba hular shekara goma da ta wata bakwai.

Ta ɓangaren haƙori kuma, ɓawon waje kusan kashi 96 cikin ɗari ma'adini ne, busasshe, rezin na kama shi da kyau. Amma hula cikakkiya tana cinye yawancin ɓawon, abin da ke saura shi ne dentin na ciki, wanda ma'adininsa kusan kashi 70 ne, sauran kuma nama ne da ruwa, ga ƙananan hanyoyi masu tsattsafo da danshi daga wajen jijiya. Manna roba a kan abu mai gumi ba wasa ba ne, kuma wannan kamun yana raguwa da shekaru. Ƙara da jinin dasashi. Mutumin da dasashinsa ke jini da an taɓa, kamata ya yi a wanke masa baki a jira ya warke kafin a yi zancen manni. Akwai kuma kanumfari. Mutanenmu sun san shi a maganin ciwon haƙori, kuma da gaske man da ke cikinsa, yujinol, yana kwantar da zogi, shi ya sa ake sa shi a wasu simintin wucin gadi da ake riƙe hular jira da su. To wannan man yana hana rezin daskarewa yadda ya kamata. Wanda zai manna da rezin, ko ya guji siminti mai kanumfari tun farko, ko ya wanke haƙorin tas. Ni har tambayar mai jinya nake yi ko yana cusa kanumfari a wurin da daddare.

Masu bincike suna auna riƙo ne ta hanyar fere haƙoran da aka cire, su manna musu huluna, su riƙa tsoma su a ruwa mai sanyin digiri 5 da mai zafin digiri 55 sau dubbai, inda ake ƙiyasta tsomi 10,000 a matsayin kusan shekara ɗaya a baki, sannan inji ya ja hular har ta ɓalle, a rubuta ƙarfin da ya cire ta. Wanda ya taɓa buɗe baki da ruwan ƙanƙara ya bi da kunu mai tururi ya san abin da ake kwaikwaya. Abin da ke fitowa a kai a kai shi ne rezin, musamman mai MDP a kan zikoniyar da aka yi wa kaushi, ya fi zink fosfet da gilas ayonoma riƙo, kuma duka suna raguwa bayan tsomi. Sai dai inji sama yake ja, a kan haƙori busasshe da aka manna a kan tebur babu harshe babu miyau. Baki kuwa murɗawa yake yi gefe da gefe, sau dubbai a wata. Lambar da ke jikin kwali gaskiya ce, amma gaskiyar tebur ce.

Wannan ya kawo ni ga halin da muke aiki a ciki. Yawancin simintin rezin ana so a adana su a wuri mai sanyi, wasu a firji, mu kuwa a Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, wuta kuma sai an gan ta. Zafi yana tsufar da su kafin ranar da aka rubuta, yana kuma gaggauta daskarewarsu, har siminti ya fara ƙanƙarewa hula ba ta kai ƙasa ba, ta tsaya sama-sama da giɓi a bakinta. Manni da rezin yana buƙatar injin tsotsar miyau, da iska busasshiya mara mai, da fitilar daskararwa mai ƙarfi, da mataimaki mai hannu. Ba kowane ɗaki ke da injin fesa alumina ba. Saboda haka ra'ayina, wanda nake faɗa wa ƙannena a aiki ba tare da jin nauyi ba, shi ne: in hular zikoniya ce, haƙorin yana da tsawo, bangonsa ya miƙe, to gilas ayonoma ko wanda aka cakuɗa da rezin ya wadatar, kuma ba a cuci mai jinya ba. Zikoniya ba ta buƙatar tallafin siminti don kada ta fashe. Siminti mai arha da aka sa daidai ya fi mai tsada da miyau ya shiga. Amma in haƙorin gajere ne, ko hular siririyar gilashi ce, babu makawa sai rezin da cikakkun matakansa, kuma wanda ba shi da kayan gara ya tura mutum inda ake da su, ko ya zaɓi wata irin hula.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba hular da ta faɗo ba ce, wadda ta saki gefe ɗaya ta ci gaba da zama ce. Tun 1971 McLean da von Fraunhofer suka ba da iyakar giɓin bakin hula da ake iya lamunta, maikiron 120. In ya wuce haka, miyau yana lasar simintin a hankali, ruwa ya shiga, ƙwayoyin cuta su biyo, haƙori ya ruɓe a ɓoye ƙarƙashin farar hula mai kyawun gani. In an cire masa jijiya, ba zai yi ciwo ya yi gargaɗi ba. Alamarsa ɗan wari ne ko ɗanɗano mara daɗi a wuri ɗaya, ko jin hular tana ɗan nutsewa in an ciza. Wanda ya ji haka kada ya jira.

Hular da ta faɗo kuwa tana ba da labarin kanta, in an juya ta an leƙa ciki. In simintin yana cikin hula, haƙori ya fito fes, to a ɓangaren haƙori aka samu matsala, galibi danshi. In cikin hula ya fito fes siminti yana kan haƙori, ba a shirya tangaran ɗin daidai ba. In kuma akwai guntun haƙori baƙi mai laushi a ciki, ruɓa ce ta ci ƙasa, babu gam ɗin da zai yi magani. Ta Hajiya zikoniya ce, cikinta yana sheƙi kamar sabon faranti, babu alamar an taɓa yi masa kaushi, ɓarɓashin siminti kuma yana manne a gefen haƙorin. Abubuwa biyu suka haɗu: gajeren haƙori, da hular da ba a shirya ba.

Na yi mata godiya da ba ta sa Super Glue ba, don wasu suna yi, kuma yana ƙona dasashi, yana zaunar da hula a karkace, yana ɓata cikinta. Na kuma gode da ta zo cikin kwana uku, saboda haƙorin da aka bari babu hula yana iya gusawa cikin makonni kaɗan, maƙwabtansa su matso, hular ta ƙi komawa. Sannan na faɗa mata gaskiya cewa zan iya mayar da wannan a yau, da kaushi da MDP, za ta fi da riƙo, amma ba zan yi mata alkawarin shekaru a kan milimita 2 ba. Hanya mai ɗorewa ita ce a ɗan sauke dasashi a tono ƙarin tsawon haƙori, a jira ya warke, a miƙar da bangon, a yanka ƙananan kwaroro biyu a gefe don hana murɗawa, a ƙera sabuwa.

Ta yi shiru tana jujjuya hular a hannu, sannan ta ce, "To ɗana, goro fa?" Na ce, "Hajiya, goro a yanka shi ƙanana da wuƙa, a tauna a hankali. Rake da ƙashin kifi da ƙwallon dabino dai a bar wa ɗaya gefen, alewa mai danƙo kuma a haƙura da ita, don ita ce ke jan hula sama." Ta ce za ta shawarci babban ɗanta a kan kuɗin sabuwar. Ranar muka yi wa tsohuwar kaushi, muka wanke ta, muka tare miyau da auduga da injin tsotsa, muka zaunar da ita, na bi bakin dasashi da zare na cire duk simintin da ya tsattsafo. Na rubuta mata ranar dawowa bayan mako shida a bayan katinta, ta ƙulle shi a bakin mayafin, inda hular ta fito.